Furar Ƙanena a Shekarar Jar Dawa

Babanmu majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, kuma lokacin da aka yi masa canjin aiki daga Maraɗi zuwa Gure babu lokotoro, wato dokta, a kusa, saboda haka shi ne komai. Shi ke cire haƙori, shi ke ɗinke wanda raƙumi ya ciza, shi ke yi wa mata faɗa don sun kawo yaro a makare. Yana da farar riga mai aljihu uku da biro biyu, shuɗi da ja, kuma ya yi imani duk ciwon da Allah ya saukar maganinsa yana cikin kabad ɗin likita, wato asibitin da yake aiki: nibakin, asfirin, jan magani, da allurar bitamin ga wanda ba a gane abin da ke damunsa ba. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Illarsa guda, bai taɓa yin kuskure ba, ko da an same shi yana tsakiyar yi.

Sai Allah ya ba shi ƙanena. A lokacin da nake ba da labari yana da shekara bakwai, ni ina da goma sha uku, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce Baba ko Inna ba. Ba kurma ba ne, don in jaki ya yi kuka a bayan gari shi ke fara toshe kunne. Ba ya kallon idon mutum. A gindin zana yake yini yana jera ƙwallayen dabino a layi, yana wani gunaguni ƙasa-ƙasa, mmm, mmm, in abin ya yi masa daɗi ya riƙa kaɗa hannuwa. In ka kuskura ka taka layin nan, to ranar unguwa kaf ta shiga uku. Sai bayan shekaru masu yawa, ina Yamai da nawa 'ya'yan, na ji masu ilimi suna kiran abin otizim, a rediyo kuma wasu suna cewa galahanga. A wancan lokacin ba shi da suna, amma masanansa sun fi ƙarfin ƙirga.

Matar mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makarantarmu, ta ce ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya mana tun yana zanen goyo, kuma maganin a kai shi bakin gulbi a ajiye a juya baya. Inna ta ce to madalla, sai ta fara nemo mana gulbin, tunda a Gure ruwan sha ma sai an ja guga hannu ya yi kanta. Malamin unguwa ya yi rubutu allo bakwai, ƙanena ya shinshina ya ture, aka ƙare da shafa masa a ka. Wata mai bori ta nemi baƙin bunsuru, Inna ta saya a ɓoye ta kai. Matar ta ci bunsurunta har ta yi kumatu, alhamdu lillahi, ba a rasa wanda ya amfana ba. Baba ya kira duk wannan jahilci, ya ɗauko ilimi: allurar bitamin sau biyu a mako, ƙarti biyu suna danne yaron a kan teburi. Bayan wata uku aka ga sakamako. Ƙanena ya daina bin hanyar likita, kuma da ya hango farar riga sai ya shige ƙarƙashin gado.

Abincinsa ɗaya ne tak a duniya. Furar hatsi, wanda mutanen kudu ke cewa gero, a dama da ruwa zalla, ba nono ba sukari, a zuba cikin wani kwanon sha mai shuɗin baki. Ba tuwo, ba shinkafa, ba nama, ko dabinon da yake wasa da ƙwallayensa ba ya kai wa baki. Duk abin da aka miƙa masa sai hanci ya fara dubawa, kuma hancin nan ya fi ma'aikatan duwan, wato kwastan, bincike. Wa ke dakan furar? Ni. Kafin in tafi lakwal ina turmi, in na dawo ina turmi. Sa'o'ina suna dandali suna gaɗa, ni ina kirɓi. Ina son ƙanena, amma akwai ranakun da na tsane shi har cikin raina, kuma ba zan ɓoye ba don yanzu na tsufa.

Mutum ɗaya ce a unguwar ba ta da ra'ayi a kan ciwonsa. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa 'yar Manga, zana ɗaya ta raba mu. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi Nijeriya neman abin yi, ita kuma tana saƙar tabarmar kaba. Hausarta ta kasuwa ce, in ta ƙare mata sai ta cike da Barbarci. Kowa Iya yake ce mata. Takan shigo da hantsi da damin kabarta, ta zauna taku biyu daga layin ƙwallaye, ta ce, "Mijina, ina kwana?" Ba ta jiran amsa. Irin wasan nan da tsofaffi ke yi da jikoki, ta ɗauke shi miji.

"Wannan ya fi na farkon," in ji ta. "Ba ya tambayata ina na je, ba ya cewa gishiri ya yi yawa a miya."

Shi kuma yakan bar ta ta zauna kusa da shi har azahar, abin da Baba bai taɓa samu ba da duk takardunsa.

Sai fari ya zo. Damina ta yi alkawari ta saɓa, ta bayanta ma haka. Shanu suka faɗi, mutanen daji daga wajen Bune da arewa suka cika bayan gari da bukkokin tsumma. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ke nan. Hatsi ya fara tsada a kasuwa, daga baya ya daina tsada, don abin da babu ba ya tsada. Sai kamiyoyin taimako, manyan motocin kaya, suka fara isowa da jar dawa daga ƙasashen Turawa, buhuna cike da rubutun da ko Baba bai iya karantawa ba. An ce a can abincin dabbobi ce. In haka ne, dabbobinsu suna da haƙuri. Tuwonta ja, ga ɗaci, ga warin buhu da ba ya fita ko an wanke sau nawa. Muka ci muna godiya, don mun ga waɗanda ba su samu ba.

Inna ta ɓoye tiya kaɗan na hatsi saboda ƙanena, kuma tun da sanyi take roƙon Baba ya aika Damagaram a sayo buhu. Kullum sai ya ce za a duba. Wata ranar bazara, ya dawo daga bukkokin bayan gari ya zauna ko takalmi bai cire ba, ta ce masa, "Majo, hatsin yaron nan saura na kwana uku."

"To shi ƙare," in ji Baba. "Yau ma na rufe wa yara ido a bukkokin can. Ƙarangiya suke ci da ganyen itace. Ni kuma in fita gari in ce ɗana shina zaɓen abinci? Kapiris ne, shagwaɓa ce, ku kuka ɓata shi. Daga ran da hatsin ga ya ƙare, abin da muka ci shi za shi ci. Yunwa za ta gyara shi. Kwana biyu, ki gani, da hannunsa za shi ɗauka."

Ban ga laifinsa ba a ranar, har yau ma ina gane abin da ke cin ransa. Kuma gaskiya ni na fi kowa goyon bayansa, don na gaji da taɓarya. Karo na farko ke nan da masana suka haɗu a kan magana ɗaya. Malamin unguwa, matar mushe, har mai borin da ta ci bunsuru, kowa ya ce yaro ba ya kashe kansa da yunwa ga abinci a gabansa. Duk duniya ta san haka. Ƙanena ne kawai aka manta ba a gaya wa ba.

Iya kaɗai ta leƙo ta saman zana ta ce, "Majo, wannan mijin nawa ba a yi masa haka."

Baba ya ce, "Na gode, Iya. Ke kaba ce aikinki, ni likita ce aikina." Ya kuma ce kada ta ƙara shigowa sai an gama magani, don tsofaffi ne ke ɓata tsari.

Ranar farko Inna ta surfa jar dawa sau uku, ta wanke, ta yi fura da ita, ta zuba a kwanon mai shuɗin baki. Ya kai hanci, ya ture. Ya yi ihu har muryarsa ta dishe, ya riƙa buga kai da ƙasa. Baba ya ce alama ce mai kyau, ciwon yana fita. Rana ta biyu haka. Da la'asar na tafi dandali na yi gaɗa har ƙafata ta yi zafi, kuma na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Rana ta uku Inna ta zuba madarar gari ta taimako don furar ta yi fari. Wayon banza. Wannan ko hanci bai kai ba, daga nesa ya gane.

Rana ta huɗu Baba ya ce a yi masa ɗura, yadda ake yi wa jarirai. Ya kira mai gadin likita ya riƙe ƙafafu, shi ya riƙe kai, Inna ta toshe hanci tana zuba kunu tana kuka. Abin da ya shiga ya dawo duka a kan wandon Baba, Baban ya kuma samu cizo a babban yatsa har ƙashi. Majo ya shafa wa kansa jan magani, ya ɗaure da bandeji, aka samu wanda aka yi wa jinya a gidan. Daga ranar ko ruwa ƙanena ba ya karɓa daga hannun mutum, sai an ajiye a ƙasa kowa ya kau da kai.

Rana ta biyar ya yi shiru.

Shekara nawa muna roƙon Allah ya kawo mana sauƙin gunagunin nan, ga shi an amsa. Yana kwance a gindin zana, kumatu a kan rairayi, ido a buɗe. Layin ƙwallayensa na nan rabi, bai ƙarasa ba. Akuya ta bi ta kai, bai ɗaga kai ba. Na je na tsaya a gabansa, na sa ƙafa na watsa layin da gangan, na sake watsawa, ina jira ya yi ihun da ke tara unguwa. Ya bi ƙafata da ido kawai. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na durƙusa na jera masa ƙwallayen da kaina, na jera su a karkace don ya ji haushi ya gyara, bai gyara ba.

Da Baba ya dawo ya ja fatar cikin yaron da yatsu biyu, fatar ta tsaya yadda ya ja ta, ba ta koma ba. Ya san wannan alamar, kullum yana ganinta a bayan gari, ya kuma san abin da ke biyo bayanta. Ya daɗe a tsugune. Bai ce ya yi kuskure ba, Allah ya kiyaye. Cewa ya yi an canza tsarin magani. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare a likita tun tuni, saboda haka ya fita da sauri ya samu wani direban kamiyo mai zuwa Damagaram, ya roƙe shi ya sayo hatsi ko nawa ne. Direba ya ce jibi yana nan. Duk wanda ya zauna Gure a shekarun nan ya san jibin direba, mota na iya kwana huɗu a rairayi ana haƙa.

Inna ta ɗauki kwano ta ɓoye cikin mayafi ta bi gidajen matan ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ba ta samu ko ƙwaya ba, amma ta dawo da shawara cike da kwano. A ba shi tsamiya, a yi masa turare, a ɗaure shi a rana. Matar mushe ta ce ta kwantar da hankalinta, ai ɗan ruwa ba ya mutuwa, komawa yake wajen iyayensa. Inna ta ce da ba don hannunta na riƙe da kwano ba da ta nuna mata nata iyayen.

Rana ta shida da hantsi Iya ta shigo. Ba ta nemi izini ba, ko kallon Baba ba ta yi ba, shi kuwa yana zaune a kan kujera da singileti, ya cire farar rigar da kansa. Tana riƙe da 'yar ƙwarya an rufe da faifai. Ta buɗe, sai ga hatsi. Manyan ƙwayoyi, tas, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi, yana ɗan warin hayaƙi da toka. Mu 'yan birni ne, a tiyar kasuwa muka san hatsi, warin bai gaya mana komai ba.

Inna ta ce, "Iya, ina kika samo wannan?"

"Ɗan ƙanena ya aiko daga Kelle. Ke dai ba ni turmi."

Na miƙa hannu zan karɓi taɓarya ta buge hannun. Ta sa muka mirgino turmin har kusa da kan ƙanena, ta fara surfe a hankali, bugu ɗaya, hutu, bugu ɗaya. Ba ta kai goma ba idonsa ya juyo. Fura ba a yin ta da gaggawa. Sai an surfa, an wanke, an daka, an dunƙula an dafa, a dawo da ita turmi a kirɓa. Duk tsawon lokacin nan yana kwance yana bin taɓarya da ido, sama, ƙasa, mu kuma muna bin ƙirjinsa da ido ko yana motsi. Ta dama da ruwa, ta tsinka sosai, ta zuba a kwanonsa, ta ajiye a ƙasa daidai hancinsa.

"Kowa ya juya," in ji ta. "Mijina ba ya cin abinci ana kallonsa."

Muka juya. Baba ma ya tashi ya fuskanci zana, babban majo, hannuwa a baya kamar ɗan lakwal da aka sa a kusurwa. Muka tsaya haka ban san iya tsawon lokacin ba. Sai muka ji kwano ya ɗan gogi rairayi. Sai muka ji zuƙa. Inna ta cusa gefen zane a baki don kada kukanta ya kore shi. Ni kuwa na zauna a wurin ina fuskantar zana. Kafin la'asar aka ji mmm, ƙarama, a dishe, kuma ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba.

Jibin direba ya zama kwana goma sha biyu. Kullum da hantsi Iya na shigowa da ƙwaryarta, daidai na yini guda, ba ƙari. Da kamiyo ya iso ya kawo rabin buhu na wani tsohon hatsi surfaffe, ƙanena ya daɗe yana bincike da hanci, muna tsaye kamar masu jiran hukuncin alƙali, sannan ya yarda ya sha. Baba ya bayyana wa abokansa cewa bitamin ɗin da ya yi shekaru yana zuba wa yaron ne ya riƙe shi, ba don haka ba da an rasa shi. Ya aika wa Iya da jar dawa, da madarar gari, da gwangwanin sardin biyu, ya ce kuma in ɗan ƙanen nan nata ya shigo gari ya zo likita a yi masa allura kyauta. Iya ta yi godiya, ta ce za ta faɗa masa.

Bayan 'yan makonni ruwa ya sauka, na gaske, irin wanda aka manta kamanninsa. Washegari gari ya watse, kowa ya nufi gona, har waɗanda ƙafa ba ta ɗaukarsu. Lakwal tana hutu, sai Inna ta ce in je in taya Iya shuka, tunda ba ta da kowa. Ashe tana da 'yar gona a kan tudun rairayi bayan gari, gadon mijinta. Ban taɓa shuka ba, ta nuna mini. Mutum ɗaya yana gaba da sungumi yana sara rami a kowane taku, na baya yana riƙe da ƙwaryar iri, ya ɗeba da yatsu uku ya jefa, ya rufe da diddige. Ita ta ɗauki sungumi, ni ta ba ni ƙwarya, ta ce in riƙe ta sama kusa da ƙirji kada iska ta ɗiba.

Gonakin maƙwabta duk cike da mutane, ana gaisawa daga nesa, ana barka da ruwa. Na yi layi ɗaya, na yi biyu, hannuna ya fara sabawa har ina jin kaina manomiya. A ƙarshen layi na huɗu na sa yatsu na ji abin ya canza. Na leƙa. Hatsin ɗan sama-sama ne aka yayyafa, abin da ke ƙasa duk rairayi ne, ƙwarya guda.

Na ce, "Iya, iri ya ƙare. Sauran ƙasa ce."

Ba ta waiwayo ba. "Na sani. Ni na zuba ta. Ɗebi ki jefa, ki rufe."

Na tsaya da ƙwarya a hannu. Ni 'yar lakwal ce, ta ɗaya a ajinmu, amma sai da na daɗe kafin lissafin ya fito. Kwana goma sha biyu, ƙwarya goma sha biyu, da warin hayaƙi irin na abin da aka rataye a saman murhu shekara guda don kada ƙwari su ci.

"Iya, ashe babu wani ɗan ƙane a Kelle."

"Akwai shi," in ji ta. "Shi ma jar dawa yake ci. 'Yar majo, kada ki tsaya, mutane suna kallo."

Daga baya na fahimci abin da take tsoro. A wajen manoman nan iri ba abinci ba ne. An yi gidajen da aka fitar da gawa a shekarar, zangarniyar iri tana rataye a saman ɗaki ba wanda ya taɓa. Wanda ya daka irinsa ya ci, ba tausayinsa ake ji ba, nuna shi ake yi da baki. Ba a ba shi ajiya, ba a sa shi a shawara, kuma abin yana bin 'ya'yansa. Wanda ya ci don yunwarsa ke nan. Ita kuwa ɗan ma'aikaci ta daka wa, mai albashi, yaron da rabin gari ke cewa ba mutum ba ne.

Na ce, "Bari in gaya wa Baba, ya ba ki namu ki shuka."

"Naku surfaffe ne, ba ya tsira. Kuma in kin gaya wa majo kin gaya wa gari. Zai sa farar riga ya zo ƙofar gidana ya yi godiya da Faransanci a gaban jama'a. Ɗana zai dawo wata rana, ina so ya iya zama cikin maza." Sai a lokacin ta juyo ta dube ni. "Ki yi mini alkawari."

Na yi. Muka ci gaba. Tana sara, ina ɗiban rairayi da yatsu uku ina jefawa cikin rairayi, ina rufewa da diddige da kyau, yadda ta koya mini. Ba ta tsallake ko taku ɗaya ba, har kusurwoyin gonar sai da muka bi. Masu wucewa suna cewa sannunku da aiki, Allah ya ba da damina mai albarka, tana amsawa amin, amin. Ina kuka ina shuka, ta ce in share fuska, in an tambaya in ce ƙasa ce ta faɗa mini a ido. Ba mu tashi ba sai azahar.

Daminar ta yi kyau, kamar tana biyan bashin kunya. Gonaki suka rufe, hatsi ya fi mutum tsawo, aka fara dariya a gari. Gonar Iya layi huɗu ne kore a gefe guda, sauran fili fetal sai ciyawa. Mutane suka ce ɓerayen daji ne suka tone mata iri, don sun yi ɓarna a wurare da yawa a shekarar. Ta ce haka ne, ɓeraye ne, Allah ya isa. Tun kafin girbi an san cewa shekarar da kowa zai koma tuwon hatsi, ita za ta ci gaba da jar dawa da abin da tabarma ta kawo. Ba ta fasa shigowa da hantsi ta gaida mijinta ba, shi kuma ya murmure, ya yi kumatu, layinsa har ya kai bakin ƙofa.

Wata Juma'a da la'asar Baba ya ɗauke ni a bayan mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, za mu gaida wani abokinsa a bayan gari. Hanya ta bi ta gefen tudun. Ya tsaya, ya sa ƙafa a ƙasa, ya daɗe yana kallon gonar yana kaɗa kai.

"Kin ga abin da nike faɗi kullum," in ji shi. "Allah ya ba da ruwa, ga gona a banza. Tsohuwa ta tsufa tana noma, amma ba ta iya adana iri ba, ta bari ya lalace. Jahilci shi ke kashe mutanenmu, ba fari ba. Sai na sa malamin gona ya zo ya koya mata." Ya waiwayo ya dube ni. "Ba ke kika taya ta ba?"

Na ce ni ce.

"To me kuka shuka haka?"

Maganar ta zo mini har bakin haƙora. Ina son in faɗa masa, in ga fuskarsa, ko sau ɗaya a rayuwa. Na dubi layi huɗun nan, na dubi yatsansa da ke kan birki, tabon cizo bai gama baƙi ba.

Na ce, "Hatsi, Baba."

Ya yi tsaki, ya ta da mobilet. Har ya koma ga Allah bai san wanda ya ci gonar ba.